Macijin da Muka Zaci Ba Shi da Suna

Baffa, mutumin yankin da ke mini jagora a daji, shi ne ya ɗaga gungumen. Ni a lokacin ina gefe ina fama da takalmina da laka ta riƙe. Ruwa ya kwana yana zuba, hantsi ya yi amma hazo bai tashi daga kwarin ba. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "Ɗan makaranta, zo ka gani. Amma kada ka kai hannu."

Wani ɗan maciji ne naɗe cikin ruɓaɓɓen ganye, tsawonsa bai kai kamu guda ba, kaurinsa kamar ɗan yatsana. Bayansa ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, cikinsa kuwa ruwan ƙwai. Bai fasa kai ba, bai yi huci ba, ƙoƙarin cusa kansa cikin ƙasa kawai yake. Gargaɗin Baffa da dalilinsa. Akwai wasu ƙananan baƙaƙen macizai da ke zama a ƙarƙashin ƙasa, masana na kiran danginsu Atractaspis, waɗanda ko ka riƙe su a wuya yadda ake riƙe kowane maciji, sai su zaro haƙori ɗaya ta gefen baki su soke ka a yatsa, bakin ma a rufe. Akwai ƙwararrun da suka rasa kan yatsa a haka. Don haka da ƙugiya na tura shi cikin jakar yadi na ɗaure bakinta, sannan na tsuguna na rubuta lambobin da na'urar GPS ta nuna, da tsayin wurin, da lokaci, da irin itacen da ya ruɓe a kansa.

Duk wannan bai ɗauki minti goma ba. Abin da ya biyo baya ya ci shekara uku, har yau kuma da saura.

Digiri na biyu nake yi a fannin ilimin dabbobi. Malam, wanda ke duba aikina, shi ya tura ni tsaunin Mambila a jihar Taraba in tattaro bayanin macizai da ƙadangarun da ke cikin guntayen kurmin da suka rage a can. Wanda bai taɓa hawa ba da wuya ya yarda Nijeriya ce. Daga Jalingo ka bi ta Bali da Serti zafi na gasa ka, kana wuce Mayo Selbe hanya ta miƙe sama tana lanƙwasa, kunnuwanka su toshe, kafin ka isa Maisamari ka fara laluben rigar sanyi. A can sama tsayin ƙasar wajen mita 1,600 ne, ciyawa shimfiɗe iya ganinka, ga shanun Fulani, ga gonakin shayi a Kakara, ga tsofaffin motocin Land Rover da aka daina gani a ko'ina amma a nan su ne jakunan hanya. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mita 2,419, yana yankin ne a kan iyakar Kamaru. Kurmin kuwa ya maƙale a kwaruruka da bakin rafuka, inda wutar daji da kofaton shanu ba su cika kaiwa ba. Sunan kwarin da muka yi aiki ba zan faɗa ba, zan zo kan dalili.

Ranar da na gaya wa Umma inda za ni da abin da zan je yi, ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Wato duk kuɗin makarantar nan da aka kashe, gardi za ka zama?"

A daren da muka kama shi na baje littafin tantance macizai a kan tabarma, fitilar goshi a kaina. Tsarin littafin tambayoyi ne biyu-biyu: in siffarsa kaza ce tafi lamba kaza, in ba haka ba tafi lamba kaza, har ya kai ka ga suna. Na bi, na fara tabbatar da cewa ba mai sukar yatsa ba ne, sannan hanya ta kai ni ga wani maciji da aka sani a dazuzzukan ƙasa-ƙasa na kudu. Dangin ya yi daidai, amma launin ciki da tsawon wutsiya sun ƙi zama. Na sake bi daga farko, na sake faɗawa wuri ɗaya. Da safe na hau wani tudu inda ake samun sabis na tura wa Malam hotuna ta WhatsApp. Amsarsa layi ɗaya ce: "Kada ka gaya wa kowa komai. Ka ƙirga tukuna."

Kafin ƙirga akwai abin da ba na son tunawa. Sai an kashe shi. Na ɗauki hotonsa da rai ta kowace fuska, domin launin maciji yana gudu da zarar ya shiga sinadari, ruwan ƙwan nan na cikinsa cikin 'yan watanni zai koma fari fat. Sannan na yi masa allurar da ke sa shi barci ya wuce. Baffa na tsaye a bakin ƙofa, ya girgiza kai ya ce, "Kun hana ni buga masa sanda, ashe naku kisan na 'yan boko ne." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Hujjar ita ce, sunan dabba a kimiyya yawanci a ɗaure yake da gawa ɗaya tak da aka ajiye a wurin da kowa zai iya zuwa ya duba, ko bayan shekara ɗari. Hoto ba ya nuna haƙora, ba a juya shi a ƙirga abin da mai ɗauka ya manta. Na yarda da hujjar, amma hannuna ya yi rawa.

Tsarin aikin ba a sauya shi. Da farko ka ɗan tsaga cikinsa ka yanko hanta kamar ƙwayar shinkafa, ka jefa a ƙaramin bututu mai etanol mai ƙarfi, domin fomalin, sinadarin da ke hana gawa ruɓewa, yana lalata ƙwayar halitta, in ka bari ya taɓa naman shi ke nan. In namiji ne, ka ɗura ruwa da sirinji a gindin wutsiya har al'aurarsa ta fito. Guda biyu ce, a ɓoye take a cikin wutsiyar, kuma ƙayoyi da rassan da ke jikinta sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi, har ma wani lokaci su ne ke raba gardama. Namu namiji ne. Bayan haka ka ɗura masa fomalin kashi 10 cikin 100, ka naɗe shi da kyau cikin roba yadda zai shiga kwalba, ka bar shi kwanaki ya sandare, ka wanke, ka mayar da shi cikin etanol kashi 70. A nan zai zauna har abada. Sai takardar shaida mai lamba da za ka ɗaura masa da zare.

A kan takardar nan na yi wautata ta farko. Da biro na rubuta. Bayan kwana biyu na duba, ruwan kwalbar ya yi shuɗi-shuɗi, takarda kuwa fara sol. Allah ya taimake ni shi kaɗai ne a kwalbar, kuma littafin daji yana nan. Tun daga ranar fensir nake amfani da shi. Malam da ya ji labari bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi gawar da ba ta da takarda ba ta da bambanci da wadda mota ta taka a titi.

Da na dawo makaranta aka shiga ƙirga. Wanda ke ganin maciji daga nesa yana gudu bai san cewa ɓawon jikinsa a ƙidaye yake ba. Faffaɗan ɓawon da ke jere a cikinsa kamar matakala, daga wuya zuwa dubura, su ake fara ƙirgawa. Har inda za a fara ma akwai ƙa'ida, wadda wani Ba'amurke, Herndon Dowling, ya shimfiɗa a 1951: na farko shi ne wanda layin ɓawon baya na ƙasa ya taɓa shi ta gefe biyu. Waɗanda suka gabace shi a maƙogwaro ba sa cikin lissafi. Na kwantar da shi a tire, na zuba ɗan etanol kada ya bushe, na sa ido a madubin ƙara girma, ina soka siririyar allura a kowane na goma. Ƙirgar farko 148. Ta biyu 151. Ta uku 149. Warin sinadari ya hau mini kai, idona na ruwa. Malam ya leƙo ya ga lambobi uku a takarda ya ce, "Macizai uku ka kamo ke nan?" Sai da na yi kwana biyu kafin hannuna da idona su daidaita, lamba ɗaya ta riƙa fitowa sau uku a jere.

Bayan na ciki sai na ƙarƙashin wutsiya, a duba ko ɗai-ɗai suke ko biyu-biyu. Sai layukan baya a wuri uku: tsawon kai ɗaya daga bayan kai, tsakiyar jiki, da tsawon kai ɗaya kafin dubura. Sai kai, inda aikin ya fi daɗi, domin kowane ɓawo a kan maciji yana da sunansa da mazauninsa kamar unguwannin gari. Nawa ne a leɓen sama, na nawa da na nawa ne ke taɓa ido, akwai ɗan ƙarami tsakanin hanci da ido ko babu, nawa ne a bayan ido. Sai haƙoran muƙamuƙin sama, har da ramukan waɗanda suka faɗi. Da na jera lambobina kusa da na ɗan'uwansa na kudu, ɓawon wutsiyar namu ya gaza mafi ƙarancin abin da aka taɓa rubutawa, kuma tsarin leɓensa daban ne. Na kai wa Malam ina murmushi. Ya duba ya ce kama da wane ba ta wane, gaskiya ne, amma rashin kama ma ba hujja ba ce in gawa ɗaya ke hannunka. Ana haifar mutum da yatsa shida, ba a ce masa sabon jinsi.

Gwajin ƙwayar halitta ba a ɗakinmu ake ƙarasa shi ba, sai an tura waje, kuma ba a fitar da ko guntun naman dabbar daji daga ƙasa sai da izini. Wannan daidai ne, domin an daɗe ana kwashe dukiyar halittun Afirka ba sallama, abin da ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a Japan a 2010. Amma a wani ofishi da ba zan ambata ba fayil ɗinmu ya ɓata sau biyu. Wata bakwai muna jira, hantar tana cikin firij ɗin da wuta ke zuwa masa kamar baƙo. Duk mako nakan duba bututun in ƙara etanol.

A cikin jiran nan na je gida Gombe, Umma ta sake tayar da maganar. Ta ce to in an raɗa masa suna me za a samu. Na ba ta amsar da na san za ta karɓa. Mu mutanen Gombe ba a ba mu labarin kububuwa, asibitin Kaltungo na cika da waɗanda ta sara duk lokacin noma da girbi. Maganin sara daga dafin maciji ake haɗa shi, kuma na wani jinsi ba lallai ya yi wa wani aiki ba. A wani asibitin karkara a Gana an taɓa sauya magani da wanda aka haɗa da dafin kububuwar Indiya, mace-mace suka ninka kusan sau bakwai. Ita kanta kububuwar tamu, shekaru ana kiranta Echis ocellatus, sai a 2018 wani Bafaranshe, Jean-François Trape, ya nuna cewa ta gabas, wadda ke yankinmu har arewacin Kamaru da Chadi, jinsi ce daban, ya sa mata Echis romani. A shekarar ne kuma aka raba baƙin gamsheƙan kurmi, da ake ɗauka ɗaya ne, zuwa jinsi biyar. Umma ta gyaɗa kai. Abin da ban gaya mata ba shi ne ɗan macijina ba ya kashe kowa, wannan hujjar aro na yi masa. Tasa hujjar ita ce kurmin da yake ciki kullum raguwa yake, kuma abin da ba shi da suna ba ya shiga jerin abubuwan da ake karewa.

Sakamako ya zo da azahar wata Talata. An karanta guntaye uku na ƙwayar halittarsa, biyu daga waɗanda ake gada ta wajen uwa kaɗai, ɗaya daga waɗanda ake gada ta iyaye biyu. Muka ɗauko na danginsa daga GenBank, rumbun intanet da ke Amurka inda masu bincike ke zuba irin wannan bayani kyauta, kwamfuta ta kwana tana lissafi, da safe ta fito da bishiyar dangantaka. Namu yana zaune a reshensa shi kaɗai, maƙwabcin na kudu amma da tazara mai tsawo.

Abin bai zo da mamaki ba ga wanda ya san tsaunukan nan. Mambila yanki ne na jerin duwatsun da suka taso daga tekun Atlantika, ta Dutsen Kamaru da tsaunukan Bamenda, har Adamawa. Lokutan da duniya ta yi danshi kurmi yakan haɗe, in ta bushe sai ya tsinke ya koma saman duwatsu da kwaruruka, dabbobin da ke son sanyi su maƙale a can kamar mutanen tsibiri, zafin ƙasa ya zame musu teku. Dubban ɗaruruwan shekaru a haka, kowane tsauni sai ya ƙera nasa. Akwai wani kwaɗo da duk duniya ba a samunsa sai a tafki ɗaya a kan Dutsen Oku na Kamaru. Shi ya sa cikin jinsin macizai sama da 4,000 da aka sani, sababbin da ake ƙarawa kowace shekara da yawansu daga tsaunuka suke fitowa.

Malam ya ce in koma in nemo ƙari. Ana iya siffanta jinsi da gawa ɗaya, an yi da wata macijiya, kasar tsaunukan Bale na Habasha, Bitis harenna, wadda aka kama a shekarun 1960, ta zauna a kwalba a birnin Copenhagen har 2016 kafin a gane ita daban ce. Amma wannan larura ce, mu kuwa mun san hanyar kwarinmu.

Mako uku na yi ina juya duwatsu da gungume ban ga komai ba sai kunamu da tururuwa. Baffa ya ce na zo a makare, shi wannan ba ya hawowa sama sai farkon damina bayan ruwa mai ƙarfi, kuma a gefen kwarin da rana ba ta bugawa da safe. Na tambaye shi ko yana da suna a wurinsu. Ya faɗi wani suna da Fulatanci, na rubuta yadda kunnena ya ji, raina fes, har ina tsara yadda zan sa shi a takarda. Kwana huɗu bayan haka ya kawo mini macizai uku a jaka uku, duk da wannan sunan. Jinsi uku ne mabambanta, ɗaya ma mai sukar yatsan nan ne. Sunansa na duk wani ƙaramin maciji mai duhu ne da ke ƙarƙashin itace, kuma ga makiyayi hakan ya wadatar, tun da hukuncinsu ɗaya ne: kada ka taɓa. Amma lokacin fitowarsa da gefen da yake kwana, babu littafin da ya san su sai Baffa. Damina ta gaba na zo a kan lokaci, cikin kwana shida muka samu biyu, namiji da mace. Lambobinsu suka zauna kusa da na farko.

Saura tabbatar da cewa ba wanda ya riga mu. A dokar raɗa wa dabbobi suna, lissafi yana farawa ne daga 1758, shekarar da Linnaeus ɗan Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa, kuma duk sunan da ya riga fitowa shi ke da dabba. Don haka sai ka bi duk abin da aka taɓa rubutawa a kan dangin. Na zauna da kundin George Boulenger, mujalladi uku da ya wallafa tsakanin 1893 da 1896 a kan macizan gidan adana kayan tarihin halittu na Landan, wanda yanzu ana karanta shi kyauta a intanet. Na bi na Faransanci da ƙamus a gefe. A ƙarƙashin sunan ɗan'uwansa na kudu akwai jerin tsofaffin sunaye da masana na baya suka ce duk abu ɗaya ne, aka soke su. Ɗaya daga ciki na wani Bajamushe ne, tun kafin yaƙin duniya na farko. Jamusancin ya gagare ni, bayanin layi tara ne kacal, ba zane. Na ce ai manya sun riga sun yanke hukunci, na wuce.

Rubutun ya ci wata biyar. Dokar da ke aiki yanzu, wadda ta fara a shekarar 2000, ta ce dole ka faɗa ƙarara cewa sabon jinsi kake nufi, ka ware gawa, yawanci ɗaya, a matsayin samfurin asali, ka faɗi inda aka ajiye ta, ka bayyana abin da ya raba shi da danginsa. Tun 2012 an yarda a wallafa a mujallar intanet zalla, muddin an yi rajista a ZooBank, kundin intanet na sunayen dabbobi. In ka kuskura ka saki sunan a Facebook ko jarida kafin bayanin ya fito, ya zama suna tsirara, ba shi da daraja a doka. Sunan kansa da Latin ake ƙera shi: in na namiji ne ka ƙara "i", in na mace "ae", in na wuri "ensis". Wasu na sa sunan taurarin fim don duniya ta waiwayo, kamar Tachymenoides harrisonfordi na tsaunukan Peru a 2023 da Anguiculus dicaprioi na Himalaya a 2024. Ban ga laifinsu ba, talla ce, kuma tana aiki. Ni dai na fi son irin na Atheris matildae, mai ƙaho ta tsaunukan kudancin Tanzaniya, da aka siffanta a 2011 aka sa mata sunan 'yar ɗaya daga masu binciken. Waɗanda suka gano ta sun ɓoye ainihin wurin, saboda dillalan da ke kwashe sababbin macizai su sayar wa masu kiwonsu a Turai da Amurka. Koyi da su na yi da na ƙi faɗin sunan kwarinmu. Sunan da na zaɓa kuwa na Baffa ne da "i" a ƙarshe. Malam ya amince. Shi ban gaya masa ba, na bari sai ta fito.

Mujallar ta tura wa masu tantancewa biyu, waɗanda ba a gaya maka ko su waye. Bayan wata huɗu amsa ta zo. Na farko ya yaba, ya gyara mana waƙafi da taswira. Na biyu layi uku ya rubuta. Ya ce ya gamsu macijin daban yake da na kudu, amma marubutan ba su nuna sun duba gawar da tsohon sunan nan na Jamusanci ke ɗaure da ita ba, kuma garin da aka ce an kamo ta yana kan tsauni ne, ba a ƙasa ba.

Na buɗe tsohuwar taswira, gabana ya faɗi. Abin da na sani tun sakandare amma ban haɗa shi da aikina ba shi ne, Mambila ba ta cikin Nijeriya a lokacin. Yankin Kamaru ne na Jamus, wadda ta riƙe ƙasar daga 1884 har aka kore ta a 1916. Daga nan Ingila ta karɓi wannan ɓangare, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Nijeriya da sunan lardin Sardauna. Sojoji da jami'an Jamus da ke tsaunukan sun riƙa cusa macizai a kwalabe suna aikawa Berlin, inda masana irin su Richard Sternfeld ke siffanta su. Ni ina neman magabatan macijina a ƙarƙashin "Nijeriya", su kuwa suna kwance a ƙarƙashin "Kamerun".

Malam ya rubuta wa mai kula da sashen dabbobi masu jan ciki a gidan adana kayan tarihin halittu na Berlin. Na yi ta addu'ar da ban san ko ta halatta ba, domin bam ya rushe wani ɓangare na ginin a 1945, kwalabe da yawa sun salwanta. Wannan ba ta cikinsu. Tana nan cikin kwalabe sama da 270,000 da ke jere a ɓangaren da aka sake ginawa. Bayan mako biyu aka turo hotuna goma sha biyu, an ciro shi an miƙar a kan tire da ma'auni a gefe. Ya koɗe ya zama kalar shayi da madara, kansa ya ɗan lotse kamar an buga masa sanda. Ƙarfe ɗaya na dare na buɗe hoton cikinsa a kwamfuta, na ƙara girma, na fara ƙirga daga inda Dowling ya ce, ina ɗiga jan ɗigo a kowane na goma. Sau uku na ƙirga, lamba ɗaya. Na koma wutsiya. Na koma leɓe. Na rufe kwamfutar na fita waje na zauna a kan dakali har aka kira assalatu.

Shi ne. Bajamushen ya yi daidai tun farko, wani daga baya ne ya soke sunan ba tare da ya buɗe kwalbar ba, sauran kowa ya bi shi, har da ni. Da safe Malam ya ga fuskata ya ce, "Zauna. Ba ka gano sabon maciji ba, ka tono wanda aka binne da rai. Wannan ma aiki ne." Na san gaskiya ya faɗa, amma sai da na yi mako guda kafin in iya buɗe fayil ɗin. Muka sauya kan takardar, muka cire sashen sabon suna gaba ɗaya, muka mayar da ita bayanin dawo da tsohon suna, da cikakkiyar siffa, da launinsa yana raye wanda ba a taɓa rubutawa ba, da ƙwayar halittarsa. Tana hannun mujallar yanzu, shi ya sa ko tsohon sunan ban ambata a nan ba.

Cikin hotunan akwai na takardar da ke cikin kwalbar, rubutun hannu mai lanƙwasa da baƙin tawada. Sunan gari, shekara, da sunan wani hafsan soja. A takardun namu ukun, inda ake rubuta wanda ya kama, sunan Baffa ne a gaba, nawa a baya, da fensir.

Na kira shi ranar kasuwa, lokacin da na san yana gangarowa inda ake samun sabis. Na ba shi labari tun daga farko, har da sunan da na so sa wa macijin. Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya rufa masa asiri da ba a haɗa sunansa da maciji ba, da me zai gaya wa surukansa. Sannan ya ce, "To shi Baturen, wa ya kama masa?"

Na ce ba a rubuta ba.

Ya ce, "Hmm. Shi ma dai wani ne ya ɗaga masa gungumen." Sai layin ya fara yankewa. Abin da na iya ji na ƙarshe shi ne ruwa ya sauka tun shekaranjiya, in har yanzu ina son mace mai ƙwai in taho kafin wata ya mutu, kuma in sayo takalmin kirki wannan karon.